Wake, Ƙwaya da Keke: Tarihin Yadda Aka Koyi Zama da Cutar Parkinson



Da wuya a samu wanda bai taɓa ganin dattijon da hannunsa ke rawa ba. Yana zaune bai taɓa komai ba, amma babban yatsa da manuni suna ta murzar juna kamar mai jan carbi. In zai miƙe sai ya yi yunƙuri biyu ko uku, in ya fara tafiya sai ya sunkuya yana ɗan gajeren taku, ƙafa na jan ƙasa. Fuskarsa ta daina nuna dariya ko ɓacin rai, muryarsa ta yi ƙasa. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce an yi masa wani abu. Sau da yawa abin da ke damunsa shi ne cutar makyarkyata da likitoci ke kira Parkinson, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da miliyan 8.5 na ɗauke da ita a 2019.

Har yau ba a samo maganin da ke warkar da ita ba. Abin da aka samu cikin shekara 200 shi ne dabarun zama da ita, ta yadda mutum zai daɗe yana cin abinci da hannunsa, yana zuwa kasuwa da ƙafarsa. Dabarun uku ne, kamar duwatsun murhu: magani, abinci da motsa jiki. Kowanne da labarin yadda aka gano shi, kuma in ka bi labaran za ka tarar kusan duka daga sa ido a kan marar lafiya suka fito.

Likitan da ya tsayar da mutane a titi

An haifi James Parkinson ranar 11 ga Afrilu, 1755, a unguwar Hoxton ta birnin Landan. Likitan unguwa ne da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, kuma mutum ne mai shige-shige. Ya rubuta ƙasidun siyasa da sunan ɓoye, har aka kira shi gaban majalisar sarki a 1794 ya amsa tambayoyi kan wani zargin ƙulla kashe Sarki George na Uku. Ya kuma wallafa littattafai kan burbushin halittun da suka daskare cikin duwatsu.

A 1817 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi a kan ciwon da ya kira shanyewar jiki mai karkarwa. Mutum 6 kacal ya kafa hujja da su, dukansu maza. Uku ne kawai ya duba a matsayin likita. Biyu a kan titi ya gamu da su, ya tsayar da su ya yi musu tambayoyi, ɗaya kuwa daga nesa ya hango shi ya lura da tafiyarsa. Duk da haka ya zayyana ciwon yadda likitan yau zai gane shi nan take: yana farawa a ɓangare ɗaya, yana tafiya a hankali har marar lafiya ba ya iya tuna ranar da ya soma, jiki na karkata gaba, tafiya na rikiɗewa ta koma kamar gudu-gudu, ga taurin bayan gida da rashin barci mai daɗi.

Wajen magani ne ya nuna shi ɗan zamaninsa ne. Ya ba da shawarar a zubar da jini daga ƙeya, kusan yadda wanzami ke yin ƙaho, sannan a sa maganin da zai tayar da bororo a wurin don ruwa ya riƙa fita. Bai amfani kowa ba. Ya rasu a 1824 ba tare da ya san sunansa zai bi ciwon ba. Ranar haihuwarsa ce yanzu ake tunawa da masu cutar a duniya duk shekara.

Paris: ganye mai guba da kujera mai girgiza

Littafin ya yi kusan shekara 50 ba a damu da shi sosai ba, sai da Jean-Martin Charcot na asibitin Salpêtrière a Paris ya ɗauko shi. Charcot ya lura da abin da Parkinson bai jaddada ba: karkarwar da ido ke fara gani ba ita ta fi wahalar da marar lafiya ba, sandarewar gaɓoɓi da nawar motsi sun fi ta. Ya ga ma akwai waɗanda ba sa karkarwa sam, kuma ƙarfin damtsensu yana nan. Shi ya sa ya ce sunan shanyewar jiki bai dace ba, a kira ta cutar Parkinson.

A asibitinsa aka fara ba da maganin farko da ya ɗan yi aiki, wani sinadari da ake tatsowa daga tsirrai dangin beladona. Dangin nan ba baƙo ba ne a wurinmu, zaƙami ɗan gidansu ne, kuma kowa ya san abin da zaƙami ke yi wa hankali. Maganin yana rage karkarwa da dalalar miyau, amma yana busar da baki, ya dishe ido, ya rikita tunani. Kusan shekara 100 ana kan wannan layi. A 1949 aka haɗa irinsa a ɗakin gwaji da sunan Artane, ƙwayar da a nan aka fi sani da Exol, wadda wasu matasa suka mayar kayan maye. Har yanzu ana rubuta ta, musamman inda babban maganin ya yi tsada, ko da yake likitoci na taka-tsantsan da ita ga tsofaffi saboda tana taɓa tunani.

Charcot ya kuma ji marasa lafiyarsa na cewa sukan samu sauƙi bayan doguwar tafiya a jirgin ƙasa ko keken doki. Sai ya sa aka ƙera kujera mai girgiza mutum. Ya rasu a 1893, aka watsar da kujerar. Shawarar da ta fi rinjaye a lokacin ita ce irin ta likitan Ingila William Gowers, cewa mai wannan ciwo ya yi zaman natsuwa, a raba shi da aiki da damuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ke cikin wake

A 1913 wani masanin haɗa magunguna a birnin Basel na Suwizalan, Markus Guggenheim, ya tace wani sinadari daga waken nan mai faɗi da Larabawa ke kira ful. Don ya ga aikinsa sai ya haɗiye giram 2.5 da kansa. Amai ya turnuƙe shi, ya rubuta cewa abin ba shi da wani amfani da ya gani. Sinadarin nan shi ne lebodofa, wanda yau ya fi kowane magani aiki a kan cutar Parkinson. Kusan shekara 50 ya yi a ajiye, domin ba wanda ya san me ƙwaƙwalwar marar lafiyar ta rasa.

Amsar a guntu-guntu ta zo. A 1919 Konstantin Tretiakoff, ɗalibi ɗan Rasha a Paris, ya nuna cewa wani ɗan baƙin wuri can ƙasan ƙwaƙwalwa yana koɗewa ga masu cutar. A 1957 Arvid Carlsson na Jami'ar Lund a Suwidin ya ba zomaye wani magani da ya sa suka kwanta lakwas, kunnuwa a zube, ba sa motsi. Da ya yi musu allurar dofa, cikin mintuna suka miƙe suna tsalle. Ya gano cewa jiki na mayar da dofa ta zama dofamin, kuma dofamin ɗan aike ne da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen ba gaɓoɓi umarnin motsi. Manyan masana na lokacin ba su yarda da shi ba. Sai a 2000 aka ba shi kyautar Nobel.

A birnin Biyana na Ostiriya, Oleh Hornykiewicz ya auna ƙwaƙwalen waɗanda suka rasu da cutar, ya wallafa a 1960 cewa dofamin ɗinsu ya ragu ƙwarai a sashen da ke kula da motsi. To me zai hana a ba su dofamin? Matsalar ita ce akwai shingen da ke tace duk abin da jini zai shigar ƙwaƙwalwa, kuma dofamin ba ya tsallake shi. Lebodofa kuwa tana wucewa, in ta shiga sai ta rikiɗe. A 1961 shi da likita Walther Birkmayer suka yi wa marasa lafiya allurarta a jijiya. Waɗanda suka daɗe a kwance suka tashi zaune, waɗanda ba sa iya miƙewa suka taka, muryoyin da suka dushe suka fito. Bayan 'yan sa'o'i komai ya koma yadda yake.

Shekarun da suka biyo baya na gardama ne. Wasu sun gwada ba su ga komai ba, domin kaɗan suke bayarwa, in sun ƙara kuma amai ya hana. Wanda ya warware kullin shi ne George Cotzias, likita ɗan Girka da ke aiki a Brookhaven ta jihar New York. Hanyarsa zuwa wannan bincike ta bi ta kan masu haƙar ma'adinin manganis a ƙasar Chile, waɗanda ƙurar ramin ke jawo musu ciwo mai kama da Parkinson. Dabararsa haƙuri ce kawai: a fara da ɗan kaɗan ta baki, a riƙa ƙarawa sannu a hankali tsawon makonni har ciki ya saba, wasu har giram 16 a rana. A 1967 ya wallafa cewa 8 cikin mutum 16 sun samu sauƙi mai ɗorewa. Amurka ta amince da maganin a 1970. Daga baya aka haɗa shi da wani sinadari mai hana shi rikiɗewa tun bai kai ƙwaƙwalwa ba, wanda ya rage yawan da ake buƙata da kusan kashi 75 cikin 100, ya kuma rage tashin zuciya. Haɗin nan ne aka fitar da sunan Madopar a 1973 da Sinemet a 1975.

Murna ba ta daɗe ita kaɗai ba. Bayan 'yan shekaru sai aka ga aikin ƙwayar na gajarcewa, tana sakin mutum kafin lokacin ta gaba. Wasu kuma abin ya zame musu kamar wutar lantarki, a kawo a ɗauke: yanzu yana tafiya, an jima ya daskare a bakin ƙofa. Wasu in ƙwayar ta kai ganiyarta sai jiki ya kama murɗe-murɗe ba da sonsu ba. Kusan kashi 40 cikin 100 na haɗuwa da irin wannan bayan shekara 4 zuwa 6 suna sha. Don rage wannan aka ƙirƙiro wasu magunguna masu taimaka mata, kuma a 1987 Alim-Louis Benabid na Grenoble a Faransa ya fara dasa siririyar waya cikin ƙwaƙwalwa mai aika ɗan lantarki. Tsoro kuma ya shiga, likitoci da marasa lafiya da yawa suka riƙa jinkirta fara lebodofa wai kada a ƙarar da amfaninta da wuri.

Ɗaya daga cikin hujjojin da suka kwantar da wannan tsoro daga Gana ta fito. Likitocin Italiya ƙarƙashin Roberto Cilia tare da takwarorinsu na Gana sun bibiyi marasa lafiya 91, waɗanda galibinsu sun yi shekaru da ciwon ba su samu maganin ba. Da jinkiri na karewa, da su ne za su fi kowa tsira. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna matsalolin sun same su a kusan shekarun ciwo ɗaya da 'yan Italiya da suka fara sha da wuri. Wato daɗewar cutar da yawan ƙwayar da ake sha a rana ne ke kawo su. Wanda ya jinkirta ya yi asarar shekarun da zai yi cikin sauƙi ne kawai.

Kwano da ƙwaya

Cotzias bai tsaya a ƙwaya ba. Shi da abokin aikinsa Ismael Mena sun lura cewa wasu marasa lafiya na daskarewa bayan sun ci nama sun ƙoshi, suka wallafa hakan a 1975. A 1984 John Nutt da abokansa suka nuna dalili. In mutum ya ci nama, ƙwai, madara ko wake, ciki na farfasa furotin ɗin zuwa ƙananan guntaye. Lebodofa kamanninta ɗaya da wasu daga cikin guntayen nan, kuma mota ɗaya suke hawa, daga hanji zuwa jini, daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. In fasinja sun yi yawa a tasha, sai a bar ta a ƙasa. Abin mamaki, maganin da aka samo daga wake ga shi wake na tare masa hanya.

A 1987 Jonathan Pincus da Kathryn Barry na Jami'ar Yale suka gwada mayar da yawancin furotin na yini zuwa abincin dare, don ƙwayar ta yi aiki da rana lokacin da mutum ke buƙatar ƙafafunsa. Daga nan aka samo shawarar da ake bayarwa har yau: a sha ƙwayar da ruwa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin cin abinci, ko awa ɗaya zuwa biyu bayansa. A gidajenmu wannan na nufin kada a kora ta da shayi mai kaurin madara ko fura da nono, kada kuma a haɗa ta da ƙosai ko alale a lokaci guda. Ƙwayar ƙarin jini ma tana riƙe ta a hanji, sai a raba lokacinsu. Ba kowa abin ke shafa ba, ya fi bayyana ga wanda ciwonsa ya daɗe. Kuma ba a ce a hana dattijo nama ba. Masu wannan cuta da ma suna saurin ramewa, don haka lokacin ci ake sauyawa, tare da shawarar likita.

Taurin bayan gidan da Parkinson ya rubuta a 1817 shi ma ya dawo da muhimmanci. An gano yakan riga karkarwa zuwa da shekaru masu yawa, kuma cikin da ba ya tafiya yana jinkirta isar ƙwaya inda za a tsotse ta. A 2019 masu bincike a Jami'ar Harvard suka nuna cewa wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a hanji suna cinye lebodofa tun ba ta shiga jini ba. Shi ya sa shan ruwa sosai da cin ganye da 'ya'yan itace, irin su kuka, kuɓewa, alayyafo da gwanda, ya shiga cikin jinya.

Akwai kuma ƙarara, tsiron nan mai kwanso mai gashi da ke sa ƙaiƙayi. Masu maganin gargajiya na Indiya sun daɗe suna amfani da ƙwayarsa, kuma a 1937 masana biyu 'yan Indiya suka tabbatar tana ɗauke da lebodofa. Cilia da abokansa sun gwada garinta a Bolibiya don neman mafita ga waɗanda ba su da kuɗin magani, sun ga tana aiki. Sai dai ƙarfinta na bambanta daga iri zuwa iri, kuma ba ta da sinadarin nan mai rage amai. Ba abin da za a tsinko a daji a daka wa tsoho ba ne.

Daga "zauna ka huta" zuwa keke

Mu koma kan shawarar Gowers. Shekaru da yawa ana ɗaukar motsa jiki a matsayin ɗan ƙari, in an yi to, in ba a yi ba babu laifi. Amma alamu na nan tun da wuri. A 1967 likitan Ingila James Purdon Martin ya bayyana cewa marar lafiyar da ƙafarsa ta manne a ƙasa yana iya takawa in an zana masa layuka a gabansa ya riƙa tsallakawa. A 1996 Michael Thaut ya nuna cewa tafiya bisa bugun kiɗa na ƙara tsawon taku da sauri. Ƙwaƙwalwar da ta kasa ba da umarni daga ciki tana iya karɓarsa ta ido ko ta kunne. Duk mai jinya zai iya gwada wannan yau: in dattijo ya daskare a bakin ƙofa, kada a ja shi, a ƙirga masa ɗaya, biyu, ko a sa ƙafa a gabansa a ce ya tsallaka.

A 2003 wani masani mai suna Jay Alberts ya shiga tseren keke na mako guda a jihar Iowa, a kan keke mai mazauni biyu, wata mai cutar tana bayansa. Da yake feda ɗaya ce ta haɗa su, dole ta juya ƙafa da saurinsa, sau 80 zuwa 90 a minti, fiye da yadda ta saba. Cikin kwanakin sai karkarwarta ta ragu, rubutun hannunta ya gyaru. Wannan ya buɗe ƙofar bincike. A 2012 gwajin da aka yi da mutum 195 a jihar Oregon ya nuna masu yin taici, motsa jikin nan na Sinawa mai tafiya a hankali, sau biyu a mako na tsawon mako 24, sun fi masu miƙe gaɓoɓi kawai tsayuwa daram, kuma sun fi su ƙarancin faɗuwa. A 2018 Margaret Schenkman ta wallafa gwaji da mutum 128 da ba su fara shan magani ba. Waɗanda suka riƙa tafiya mai ƙarfi a kan injin gudu, har zuciya ta kai kashi 80 zuwa 85 na iyakar bugunta, kusan ba su ƙara lalacewa ba cikin wata 6, alhali waɗanda ba su yi ba ciwonsu ya ci gaba. Masana ba su kai ga cewa motsa jiki na tsayar da cutar ba, ana kan manyan gwaje-gwaje. Amma an daina ce wa marar lafiya ya zauna ya huta. Yau akwai azuzuwan rawa da na dambe da aka buɗe musamman don su a Amurka tun 2001 da 2006.

Abin da ya rage mana

Labarin bai ƙare a Turai ba. A 2023 wani babban bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin cutar ga 'yan asalin Afirka ta Yamma, abin da binciken da aka yi a kan Turawa bai taɓa gani ba. Amma babbar matsalarmu ta fi wannan sauƙin faɗa. Lebodofa na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, an fi shekara 50 ana amfani da ita, duk da haka akwai dattawa birjik da za su mutu ba a taɓa gaya musu sunan ciwonsu ba. Wasu kuma sun fara sha, kuɗi ya yanke, suka daina rana ɗaya, alhali yanke ta farat ɗaya na da haɗari ƙwarai.

A gidajenmu tausayi kan sa mu ce Baba ya zauna, a ɗebo masa ruwa, a sa masa hula, a hana shi zuwa gona ko shago. Niyyar mai kyau ce, amma shawarar 1888 ce muke bi. Wanda ke da irin wannan dattijo ya kai shi asibiti a duba shi, domin ba kowace karkarwa ce Parkinson ba. In an tabbatar, ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta ƙarfe nawa aka sha ƙwaya, me aka ci, yaushe jiki ya saki, yaushe ya ɗaure, ya kai wa likita ranar ganinsa. Da irin wannan lura Parkinson ya gane ciwon a titin Landan, da ita Cotzias ya gane abin da nama ke yi. Da yamma kuma ya kama hanya tare da shi, ko zagayen unguwa ne, yana ƙirga masa taku.